Ƙarƙashin Tsohuwar Fijo

Tsohuwar mota a Accra ba kasafai injin ke kashe ta ba. In injin ya buga, Abossey Okai na nan: ka shiga da hantsi da sunan motar a bakinka, kafin la'asar an nemo maka wani. In giya ce ta ƙi shiga, masu gyara na Kokompe sun ga wadda ta fi ta lalacewa, abin da ya gagari Accra kuma a aika Suame Magazine a Kumasi. Abu ɗaya ne ba ya kan kantar kowa, shi ne ƙasan motar, wato daɓen ƙarfen da kujeru ke zaune a kai da ginshiƙan da ke tallafe da shi. Ta nan ajali ke shigo wa mota, kuma yakan yi shekaru yana aikinsa mai ita na sama yana goge gilashi.

Tsatsa ba ta neman abu mai yawa. Ƙarfe, iska da danshi sun ishe ta, in ta samu gishiri kuwa sai ta ƙara sauri, kuma duk Accra ta tanadar mata. Daga Nima zuwa bakin teku 'yan kilomitoci ne, iskar da ke kaɗowa ta Osu da Labadi da gishirinta take tafe. Ruwan samanmu bai kai na Kumasi yawa ba, amma danshi ba ya barin gari, ga damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi gota ta tumbatsa, mota takan ratsa ta cikin abin da ya haɗa laka da ruwan sabulu da abin da baki ba ya so ya faɗa. Lakar nan ta maƙale a lungun madigadi, ta zauna da jiƙonta makonni bayan titi ya bushe. Shi ya sa baƙonmu daga Maraɗi ko Katsina yakan yi mamaki. A can rana ce ke ƙone fentin sama, ƙasan mota na nan garau. A nan sai ka ga sama na walƙiya, ƙasa kuwa ya zama rariya.

Wasu motocin ma da ciwonsu suke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. A Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu sanyi, gishiri ake watsa wa tituna don ya narkar da ƙanƙara, taya kuma ta yi ta feso shi ƙarƙashin mota hunturu bayan hunturu. Akwai kuma waɗanda ambaliya ta shanye, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu. A 2020 majalisar dokokin Ghana ta gyara dokar kwastan don hana shigo da motocin da suka yi mummunan haɗari da wasu da suka haura shekara 10, daga baya aka jingine aiwatar da ita bayan dillalai sun koka. To, in wannan ne halin motar da ta shigo jiya, ina ga wadda ta shekara arba'in tana shan iskar teku?

Peugeot 504, Fijo a bakinmu, a 1968 ta fito a Faransa, masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 kuma ta yi ta haɗa ta har cikin shekarun 2000. Doguwarta ta yi jigilar iyayenmu tsakanin Accra da Kumasi, ta bi Aflao ta ratsa Lome da Kwatano har Legas, da buhunan goro da kwalla da 'yan biki. Ita da Marsandin nan da aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980 su ne motocin alhazan Zango na wancan zamani. Sai dai suna da rauni iri ɗaya. Ba kamar tsohuwar Bedford mai bodin katako ba, wadda ke zaune a kan shasi mai kauri da za a iya raba shi da jiki, waɗannan jikinsu shi ne ƙashinsu. Fallen ƙarfe ne wanda kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, aka lanƙwasa aka haɗe, ƙarfinsa duka a lanƙwasar yake. An kuma yi su tun kafin masu ƙera motoci su yawaita lulluɓe ƙarfe da zinki, irin na kwanon rufi, abin da bai zama ruwan dare ba sai daga shekarun 1980. Saboda haka ramin da ke ƙarƙashin ƙofar Fijo ba maganar ado ba ce. Wurin da ke ɗauke da nauyin mutane ne ya ruɓe.

Akwai wani dattijo a Maamobi, tsohon direba, da ya riƙe tasa har yau. Fara ce, sitiyarinta a hagu, domin ta shigo ne bayan Ghana ta koma tuƙi a hannun dama a watan Agustan 1974. Ba ta fita sai Juma'a da ranar ɗaurin aure da hawan Idi. Ɗansa ya dawo daga Turai da ɗan abin hannu, ya ga fentin ya koɗe, ya so ya faranta wa uban rai. Lokacin hunturu ne, an kwana biyu ba a ga ɗigon ruwa ba.

"Baba, mu kai ta wurin sifreya kawai, a fesa ta ciki da waje ta dawo amarya."

Dattijon bai ce a'a ba. Ya sa aka shimfiɗa kwali a gefen motar, ya miƙa wa ɗan tocila da sukudireba.

"Kwanta tukuna. Ka ga baƙin nan da ke ƙarƙashin ƙofa? Soka shi."

A ido wurin lafiya lau yake, baƙi wuluk, sumul. Da yaron ya danna, sukudireba ta shige har ƙota. Ya ja gefen, sai wani ɓawon kwalta mai faɗin tafin hannu ya ɓanɓaro, bayansa ja jawur, a jiƙe sharkaf, ruwa mai launin ƙasa ya gangaro masa a hannun riga. Garin tsatsa ya zubo masa a gemu. Ya fito yana tofarwa yana kallon uban.

"Baba, ruwan nan daga ina, bayan rabonmu da ruwan sama tun yaushe?"

"Na daminar da ta wuce ne. Ya shiga, bai ga ƙofar fita ba."

Shekarun baya an taɓa kai motar wani gareji don a kare ta daga tsatsa. Masta ya sa yaransa suka watsa mata ruwa, suka fesa baƙin kwalta mai kauri a kan duk abin da suka tarar, aka biya, aka yi godiya. Abin da ya biyo baya kowane tsohon mai gyaran bodi ya san shi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana ci tana kumbura, sai ta ɗaga kwaltar ta bar sarari a bayanta. Kwalta kuma in ta tsufa takan bushe ta tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya kwanta a wurin da rana ba ta kaiwa, iska ba ta busawa. Da an bar ƙarfen tsirara da tsatsarsa, da ya riƙa jiƙewa yana bushewa, mai mota kuma yana ganin yadda ciwon ke tafiya. Da aka rufe, sai aka haɗa masa asara biyu: ɓarnar ta ƙara gudu, idon da zai gan ta kuma aka toshe shi. Kitso aka yi da ƙwarƙwata, aka kuma karɓi ladan kitso.

Uban da ɗan suka yanke shawarar yin aikin da hannunsu. Kalmar "a gida" tana da nata sharaɗi a unguwanninmu, inda lungu da yawa mutum biyu ba sa jerawa, balle mota. Su dai sun yi sa'ar ɗan fili a ƙofar gida. Wanda ba shi da shi sai ya ari kangon ɗan'uwa a Madina ko Ashaiman. Suka ɗaga motar, suka cire tayoyi, suka wanke ƙasan da sabulu mai yanke maiƙo, suka bar shi ya sha iska har ya bushe ƙarau.

Daga nan aka shiga ainihin aikin, wato kankara. Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka fenti ake yi. Gaskiya kuwa fentin shi ne ɗan guntun da ke ƙarshe. Mutum na kwance rigingine, hanci kusa da ƙarfe, hannu a sama har kafaɗa ta mutu, yana bin wuri taƙi-taƙi da abin kankara da burushin ƙarfe da samfefa. Inda tsohuwar kwalta ta kama ƙarfe gam, bayanta tsaf, a bar ta. Inda ta yi ƙwanƙwasar wofi, a ɓanɓare har sai an kai inda ƙarfe ke haske. Ana ƙwanƙwasa ko'ina da ƙaramar guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa shiru yake yi, ko ya lotsa. Wuraren da suka fi ɓoye ciwo sanannu ne: inda ake kafa jak, ƙasan ƙofofi, bayan tayoyi, ƙarƙashin batir inda asid ke ɗiga, ramin safaya a but, da daɓen gaban direba inda jiƙaƙƙen takalmi ke sauka.

A nan ne zuciya ke fara yi wa mutum ciniki. Kowane rami da ka tono kuɗi ne da wahala, sai wata murya ta ce maka, bar nan haka, ai fenti zai rufe. Dattijon yana zaune a kan benci da carbinsa, bai taɓa burushi ba, amma duk inda ɗan ya so ya tsallake sai ya nuna da sanda ya ce, "Koma nan." Inda ya huje aka kira mai walda ya yanke har inda ƙarfe ke da rai, ya ɗinka sabon falle. Mai waldan ya so ya ɗora faci a kan ramin ya wuce, domin ya fi sauri. Dattijon ya ƙi, don tsakanin tsohon ƙarfe da sabo nan ma wani ɗakin ruwa ne. Foti kuwa ko kusa bai bari an kawo ba. Foti na gyaran fuska ne, ba ya ɗaukar nauyi.

Sauran matakan ba su da wuyar faɗi. Akwai ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa, mai asid ɗin fosfarik, wanda ke mayar da ɗan jan da ya rage a ramukan ƙarfe ya koma baƙi ya daina ci. Amfaninsa a kan siririyar tsatsa ne, ba ya ratsa ɓawo mai kauri. Bayansa firaima, ko jan nan da ake shafa wa sabuwar ƙofar ƙarfe, ko na ifoksi wanda ya fi shi riƙo. A cike bakin walda da abin toshe haɗi, sannan fenti, shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu. Mai kaurin nan na kariya daga tsakuwa sai a ƙarshe, a inda taya ke feso duwatsu. Ba a shafa wa salansa, ba a shafa wa birki da robobinsa, ba a binne kan noti, ba a kuma rufe lambar shasi, domin ranar da aka je hukumar rajistar motoci ta DVLA za a neme ta. Ginshiƙan da ke da rami a ciki, waɗanda burushi ba ya shiga, ana fesa musu mai haɗe da kaki ta ƙofofinsu, don yawancin tsatsarsu daga ciki take fitowa. Akwai kuma 'yan hudoji a ƙasan ƙofofi da ginshiƙai da masana'anta ta bari da gangan don ruwa ya fita. Mai ƙwazo marar sani yakan toshe su da fenti yana ganin ya kyauta. A bi su ɗaya-ɗaya da waya a buɗe.

Wani zai ce ai a wurin wankin mota ana fesa wa ƙasa baƙin mai da man gas, kuma tsofaffin direbobi da shi suka rayu. Gaskiya ne, kuma in za a ba ni zaɓi tsakaninsa da kwalta a kan tsatsa, man zan ɗauka, domin yana ratsa lungu, ba ya kuma ɓoye komai. Amma yana cin roba, yana tara ƙura, in ya taɓa birki ya jawo magana, kuma rabinsa a gota yake ƙarewa.

Abin da ya tsaya mini a rai daga wannan aiki ba a gareji na fi ganinsa ba, a zauren sulhu ne. Zango wuri ne na cunkoso, gida ɗaya ɗakuna goma sha, magada ashirin, 'yan haya, famfo ɗaya. Saɓani dole ne, kuma Allah ya yi mana baiwar masu shiga tsakani: sarakunan Zango, limamai, kawunnai, gwaggwanni. Sai dai sau nawa ake kiran mata da miji, ko wa da ƙane a kan kuɗin hayar gidan gado, kafin mai ƙorafi ya kai rabin maganarsa a ce, "Ya isa, a yi haƙuri, a bar tone-tone"? A yi Fatiha, a raba goro, a tashi kowa na cewa alhamdu lillahi. A waje sumul. Wanda aka danne kuwa ya koma ɗaki da abinsa, yanzu ma ba shi da bakin sake tayarwa, don za a ce manya sun kashe magana shi ya tono. Bayan shekara biyu a ji takardar saki, ko sammaci daga kotu, ko 'yan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a makabarta, a yi ta mamaki wai ba an sasanta su ba? Ba a sasanta su ba, baki aka rufe musu.

Ba haƙuri nake tuhuma ba, ba kuma ina kiran a riƙa baza sirrin gida ba ne. Wanda ya kankare ƙarfe a Accra ya san in ya bar shi tsirara ya kwana, da safe zai tarar ja ya fara hawa. A ranar da aka tono a ranar ake rufewa. Maganar gida ma da aka buɗe aka bari a buɗe, sai ta zama abin shan ataya a bakin samari, ta bi WhatsApp ta kai Jamus kafin magariba. Rufewa wajibi ce, kuma da wuri. Abin da nake cewa shi ne a jera aikin daidai: a bar mai kuka ya kai ƙarshen kukansa, a faɗa wa mai laifi laifinsa ko da shi ne babba, a mayar da abin da aka ci, sa'an nan a kawo haƙuri ya rufe. Dattawan da suka iya sulhu haka suke yi, shi ya sa zamansu ke daɗewa, shi ya sa kuma ba a cika komawa wurinsu da magana ɗaya sau biyu ba.

Mu koma ƙarƙashin mota, don akwai abin da in an yi sakaci da shi ba a samun damar gyarawa. Fijo ta haura tan 1. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, kada kuma a dogara da bulon siminti, domin yakan fashe ba sallama. A samu ƙafafun ƙarfe na ɗaukar mota ko gungumen katako mai ƙwari, a kan ƙasa mai tauri, a tare tayoyin da suka rage, a girgiza motar da ƙarfi kafin a sa kai. Kafin walda a sauke tankin mai, a ɗage kafet da kujeru, a ajiye mutum da ruwa yana kallon ciki, don kwalta da soso ba su da wuyar kamawa. Ƙurar tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, fentin da ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa kuma tururinsa na lalata huhu, ƙyallen da aka ɗaura a hanci ba ya tare shi. A unguwar da mai koko da ƙosai ke gefe, mai waake na tsallake, yara na wasa a tsakani, burushi ya fi injin feshi mutunci. Dattijon da kansa ya bi maƙwabta ya sanar da su kafin a fara, ya kuma sa aka shimfiɗa leda a ƙasa don tara abin da ya zubo.

Wannan tarin ɓawon kwalta da ragowar tina da baƙin mai, kada a tura shi gota. Babbar gotar Nima a kogin Odaw take zubawa, Odaw ta bi ta unguwar Circle ta faɗa tafkin Korle ta shiga teku. Mutanen Accra ba sa bukatar a yi musu bayanin mai a kan ruwa: daren 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta kwashi fetur a wani gidan mai da ke Circle, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. A zuba a galan a rufe, a kai wa masu karɓar tsohon mai.

Saura mai saye da mai sayarwa. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Fesa wa ruɓaɓɓen ƙasa baƙi ana gobe za a kai mota kasuwa yana cikin wannan babi, ko da dillali ya kira shi kwalliya. Wanda ya yi aikin kirki ba ya rasa shaida. Yanzu kowa da waya a aljihu, sai ya nuna hoton ƙarfen tsirara kafin fenti ya hau. Kai kuma mai saye, in ka je ganin tsohuwar mota, ka tafi da tocila da sukudireba da rigar da ba ka jin tausayinta. Ka ɗaga kafet, ka fitar da safaya ka leƙa raminta. In ka ga ƙasa baƙi sabo fil yana warin fenti, ka tambayi yaushe aka shafa da abin da aka tarar a bayansa. In mai ita ya ce ba a soka masa mota, ka yi masa godiya ka bar masa abarsa.